Zaren Awo da Kart ɗin Bara

Ƙofar ɗakin Nazir ba ta rufuwa ruf. Tun ranar da suka tare a hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon, haka take, kullum sai ta bar tsaga kamar faɗin yatsu biyu. Salmanu ya shekara ashirin da biyu yana aikin ƙarfe a wata masana'antar manyan motoci a Vénissieux, da ya so da tuni ya gyara ta kafin shayi ya huce. Bai so ba. Ta wannan tsagar yake ganin ɗansa.

In ya dawo daga aiki da la'asar sai ya tsaya a lungun shiga gida yana cire takalmi a hankali, fiye da yadda cire takalmi yake buƙata. Daga nan yana hango ƙeyar yaron da kafaɗunsa da rabin ekaran ɗin ordinatar, wato fuskar kwamfutarsa. A cikin ekaran ɗin akwai wata ƙasa, ta wasan da yaron yake bugawa. Wani mutum ne mai jaka a baya yake tafiya da ƙafa cikin doguwar ciyawa, ga kogi a hagunsa yana gangarawa ba a jin ƙararsa. Amma ƙasar ba ta da nisa. Taku talatin gaban mutumin, komai ya ƙare cikin farin hazo. Itatuwa ba sa matsowa yadda itatuwa ke matsowa, sai dai su faɗo tsulum daga cikin farin, kamar yanzu aka dasa su. In mutumin ya sheƙa da gudu sai hoton ya riƙa ɗingishi, ya tsaya, ya zabura, Nazir ya ja tsaki.

Salmanu bai san matsala ce ba. A zatonsa haka aka halicci ƙasar, kamar bakin kogin Rhône da safiyar sanyi. Har son ta yake. Wani lokaci a wurin aiki, yana riƙe da ƙarfe, sai hankalinsa ya tafi can, yana tunanin abin da ke bayan hazon.

Nazir ɗan fari ne, kuma Salmanu mutumin Damagaram ne da ya tashi cikin kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba. Yakan ce yaron nan, ko mai ɗakin can, in kuwa dole ta yi sai ya yi gyaran murya ya jira a waiwayo. Ba ya yaba shi a gaban mutane, ba ya zama kusa da shi a tabarma ɗaya. Haka nasa uban ya yi masa har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa shakkar matsayinsa a zuciyar tsohon ba. Ƙanwar Nazir kuwa, Raihana, sunanta ba ya hutawa a bakinsa, sau ashirin a rana.

A wata Lahadi ta kakar 2016, yana kan baranda yana duba tukunyar na'ana'arsa, ya ji maganar ta fito daga madafa. Nazir ne yake gaya wa uwarsa, Fatsima, cewa ya samu ɗaki a Villeurbanne kusa da jami'a, ƙarshen wata zai kwashe kayansa. Wannan bai dami Salmanu ba, karatu ne. Abin da ya biyo baya ne ya sa ya tsaya da butar ruwa a hannu.

"Mama, shekara goma sha tara. Ko sau ɗaya bai taɓa kiran sunana ba. In na tafi ba zai ma lura ba. Kar ki riƙa ajiye mini tuwo ran Lahadi."

Fatsima ta yi ta bayani, da Hausa, da Faransancin da take da shi. Ta ce kunya ce, kuma kunyar ita ce girman da ake ba shi. Nazir ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce shi dai a saninsa wanda ya yi abin kunya ake jin kunyarsa, to shi me ya yi?

Kwana uku Salmanu bai ci abincin kirki ba. Yana lissafin kwanakin da suka rage, yana ganin yaron ya fita da akwati ya ja ƙofa, ƙofar waje kuwa tana rufuwa ruf. Da Fatsima ta tare shi da zancen, ya ce mata ya gwada, har a cikin mota shi kaɗai ya gwada, harshen ne yake nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ta ce to in harshe ya ƙi, ai Allah bai ba shi harshe kaɗai ba. A nan ne ta gaya masa abin da ta tsinta daga hirar Nazir da abokansa a waya: hazon nan ba halittar ƙasar ba ne. Akwai wani allo cikin ordinatar ɗin, kart garafik suke ce masa, shi yake zana duk abin da ake gani. Na Nazir ya shekara biyar, ya gaji, ba ya iya zana nesa, shi ya sa ake rufe nesan da fari don a rage masa kaya.

Salmanu ya jima yana juya wannan magana. Ashe akwai wani abu a bayan hazon, kuma sayensa ake yi.

Ranar Asabar dama zai je Paris. Tsohon abokinsa Illo, mutumin Tawa mai shagon gyaran waya a Goutte d'Or, ya yi jika, za a yi suna. Wanda ya yi tafiya kuwa yakan dawo da tsaraba, kuma ba a tambayar yaro irin tsarabar da yake so. Wannan hanya ce da ba ta buƙatar kiran sunan kowa.

Da safiyar Juma'a, bayan Nazir ya fita darasi, Salmanu ya shiga ɗakin da sallama duk da ya san ba kowa. Ya durƙusa, ya kwance ƙusoshi biyu, ya cire murfin gefen akwatin ordinatar. Ga kart ɗin nan kwance, da 'yar fankarsa guda da ƙura ta yi wa gemu. To yaya mutum zai sayi abin da bai san sunansa ba? Akwai ma'aunin ƙarfe a aljihun rigar aikinsa, wanda yake auna abu da shi har kaurin gashi. Hannunsa bai je can ba. Ya tuna duk gabanin sallah, yana zaune yana cin abinci, ubansa yakan zo ya tsuguna ba tare da ya ce uffan ba, ya ɗora tsinken kara a tafin ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya karya, ya maƙale a bayan kunne, ya nufi Kasuwar Dole. Da yamma sai ga takalmi a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce na wane ne.

Ya je ya ɗauko zare mai kauri a gwangwanin ɗinkin Fatsima. Ya shimfiɗa shi bisa kart ɗin daga wannan kai zuwa wancan, ya ƙulla a nan, ya ƙulla a can. Sannan ya kwafe duk lambobin da ke jikin akwatin da ke raba wutar kuran, wato lantarki, a bayan wata ambulan, harafi bayan harafi, har da waɗanda bai san amfaninsu ba. Ya mayar da murfin, ya goge sawun gwiwarsa a dardumar.

Ranar Asabar jirgin ƙasan farko ya shiga. Gari na wayewa suna cikin gonaki, hazo kwance a kwaruruka, fararen shanu tsaye a ciki rabinsu babu ƙafafu. Gudun jirgin ba ya girgiza mutum, sai dai ya lallaɓa shi. Salmanu ya jingina kai da gilashi, zaren naɗe a yatsansa. Bai san sa'ad da tagar ta zama ekaran ba. Ya ga kansa cikin doguwar ciyawa yana bin mai jakar nan a baya, yana so ya kira shi ya tsaya, bai san da wane suna ba. Hazon ya riƙa janyewa kamar ana naɗe tabarma, sai ga manyan duwatsun Damagaram jibge bisa juna, da ɗumin rana a jikinsu, da awaki a inuwarsu. Mai jakar ya ɗan juya kai, sai ya ga tsinken kara a bayan kunnensa. Mai duba tikiti ne ya taɓa kafaɗarsa.

An yi suna, an ci, an sha shayi har zagaye uku a ɗakin Illo da ya cika da mutane da takalma. Da aka watse Salmanu ya faɗa wa Illo buƙatarsa. Illo ya ce shi wayoyi ya sani, ordinatar kuwa sai dai ya kai shi inda ake yanka su. Suka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa wani titi da ke bayan tashar jirgin Lyon, inda shago bayan shago ba abin da ake sayarwa sai kayan cikin ordinatar. Duk hanya Illo yana tsokanarsa, wai bai taɓa ganin Badamagare ya zo Paris sayen abin wasa ba, ko dai shi ne zai riƙa bugawa in Hajiya ta tafi kasuwa.

A shagon da suka shiga wata mata ce a bayan kanta, ba za ta wuce shekara talatin ba, sunanta rubuce a ƙirjin rigarta, Widad. Ta tambaye shi wane iri yake so. Salmanu ya warware zaren daga yatsansa ya shimfiɗa a kan gilashin kantar.

Illo ya dafe baki. "Malam Salmanu, wurin tela ka zo? Ka ce mata ta sa maka aljihu biyu."

Widad ba ta yi dariya ba. Ta ce kakarta ma haka take aiko awon munduwa daga ƙauye cikin wasiƙa. Ta karɓi ambulan ta karanta lambobin, ta ce wanda ya kwafe wannan ya kyauta, wutar akwatin za ta ɗauki duk abin da za ta nuna masa. Ta yi masa tambayoyi kan wasan, ya kwatanta mata ciyawar da kogin da mai jaka, nan take ta gane. Ta shiga ciki ta fito da kwali biyu.

Ta buɗe su gefe da gefe. Ta ce su waɗannan abubuwa zuriya-zuriya ake fitar da su, kowace zuriya da babbanta da na tsakiyarta da ƙaraminta. Wannan na dama ɗan tsakiyar zuriyar bana ne, watansa uku da fitowa. Wannan na hagu babban zuriyar bara ne, a lokacinsa ba wanda ya kai shi. A gudu kusan kai ɗaya suke, wani wasan wannan ya ɗan wuce, wani wasan wancan. Amma na bana ya fi wurin ajiyar hoto, don haka zai fi jimawa kafin sababbin wasanni su fi ƙarfinsa. Kuran kaɗan yake ci, ba ya zafi sosai, ba ya ihu. Na bara kuwa ci gare shi, da huci, fankoki uku ne a jikinsa kuma duka ukun suna da aiki. In ita ce, na bana za ta ɗauka. Illo ma ya ce ai sabo sabo ne, ko a waya haka ne.

Ta kai su ƙarshen shagon inda ekaran biyu ke jere, kowanne da nasa kart. Ta kunna musu wasan, wuri ɗaya a duka biyun, ta ce su faɗi wanne ne wanne. Illo ya ƙanƙance ido ya nuna na dama da ƙarfin hali, ya ce wannan ne sabo, dubi yadda ruwan ke sheƙi. Widad ta ce na bara ne.

Salmanu bai ji su ba. Hazon babu shi. Ciyawar ta miƙe har iyakar gani, iska tana bi ta kanta tana kwantar da ita sahu-sahu. Kogin ashe lanƙwasa yake yi ya faɗa wani tafki. Can da nisa, inda a ɗakin Nazir fari ne kawai, akwai tudu, a kan tudun akwai itace guda tilo, da inuwarsa a ƙasa. Wata uku yana kallon wannan wuri ta tsagar ƙofa bai san da itacen ba. Ya ce a ransa, yaron ma bai taɓa ganinsa ba.

Suka koma kanta. Ya ɗaga na bana, ba nauyi. Ya ɗora zaren a kansa, sai ƙullin ƙarshe ya yi saura a iska, kart ɗin bai kai shi ba da faɗin yatsa guda. Ya ɗaga na bara da hannu biyu, ya ji nauyin ƙarfe na gaskiya, irin wanda hannunsa ya sani. Ya ɗora zaren, kart ɗin ya wuce ƙullin da yatsu uku.

To a duniyar da Salmanu ya fito, ba a taɓa sayo wa yaro abin da bai kai tsinke ba. Ubansa kullum yakan ce wa mai takalma a ƙara yatsu biyu, yaro girma yake yi. Kuma akwai wani abu da bai faɗa wa kowa ba: da ya dubi na baran, babba a gidansu, an tura shi gefen kanta ba don ya yi laifin komai ba, sai ya ji ba zai iya barinsa a nan ba.

Widad ta tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata akwai wuri a cikin akwatin. Ya ce akwai wuri. Ta ce to in bai shiga ba, yana da kwana bakwai ya dawo da shi. Illo ya ɗauki kwalin yana nishi da gangan, yana cewa an sayo wa yaro rago an bar masa ɗawainiyar kiwo.

Ranar Lahadi da azahar ya iso gida. Yadda aka saba, Fatsima yake miƙa wa tsarabar Nazir ita ta kai. Ya same ta a madafa tana haɗa kayan tuwon dare, ya ajiye kwalin kusa da ita. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ƙafar da ta kai Paris ba za ta kasa kai ƙofar can ba," in ji ta.

Ya tsaya a bakin ƙofar ya yi gyaran murya. Nazir ya zare abin kunnensa ya waiwayo. Ɗakin duk kwalaye ne, an fara ɗaure littattafai. Salmanu ya miƙa kwalin ya ce tsaraba ce, idonsa na kan labule.

Nazir ya buɗe. Ya riƙa shafa fankokin da yatsa, suna juyawa a hankali. Sannan ya ce na bara ne, amma babban ne, wanda shekara guda da ta wuce shi da abokansa sai dai su kalli hotonsa. Muryarsa ta ɗan sauya. Ya durƙusa da sauri ya buɗe akwatin, ya zare tsohon kart ɗin, ya kawo sabon. Kan ya shiga. Gindin ya daki wani kejin ƙarfe da ke gaban akwatin, inda ake jera faifan ajiya. Ya karkata shi, ya sake gwadawa ta sama, ta ƙasa. Yatsu biyu suka hana.

Ya mayar da shi cikin kwalin ya zauna a ƙasa.

"Laisse tomber, Baba, a bar shi kawai. A mayar musu. Da ka tambaye ni da na gaya maka. Amma ba ka tambayata. Ba ka ma kirana."

Salmanu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ta ma'aikacin ƙarfe da ya auna abu bai auna ramin da abin zai shiga ba. Ƙafa ya auna, ya manta akwati ba ya girma, kart ma ba ya jiran kowa ya girma. Sai ya zaro zaren daga aljihu ya ajiye a kan darduma. Ya ce da wannan ya je. Ya ce haka ubansa yake yi masa da kara, kuma tsohon bai taɓa kiran sunansa ba har ya rasu, amma bai taɓa yin sallah da tsohon takalmi ba.

Nazir ya ɗauki zaren. Ya shimfiɗa shi a kan tsohon kart ɗin, ƙulli ya zauna a wannan kai, ƙulli ya zauna a wancan, ba ragi ba ƙari. Ya ƙura masa ido. Can ya ce ya tuna wannan zaren. Duk ƙarshen hutu, kafin a koma lakwal, wato makaranta, yana zaune yana kallon telebijin sai ya ji an taɓa tafin ƙafarsa. Kuma duk takalmansa sun yi masa yawa, Mama tana cusa takarda a bakinsu, yara suna kiransa mai jirgin ruwa. Ya ce shi a zatonsa Baba bai san lambar ƙafarsa ba ne.

"Na sani," in ji Salmanu. "Talatin da ɗaya, shekarar da ka karye a hannu. Talatin da shida, shekarar da aka haifi ƙanen Karim abokinka. Yatsu biyun na gaba ne."

Ba wanda ya dubi wani. Salmanu ya sunkuya ya leƙa cikin akwatin, wannan karon da idon aikinsa. Kejin ba walda aka yi masa ba, ƙusoshi huɗu ne masu kai biyu suka riƙe shi. Faifan ajiya guda ne kawai a ciki, kuma akwai inda zai zauna a ƙasa. Ya ce a ba shi rabin awa. Ya fita ya dawo da jakar kayan aikinsa.

Ya ce sai an kwashe duk abin da ke ciki tukuna, don garin ƙarfe in ya faɗa kan waɗannan alluna ya gama da su. Nazir ya dube shi da mamaki, ya ce haka ne. Shi ya riƙa zare wayoyi yana faɗin sunan kowace, Salmanu yana jera ƙusoshi a murfin gwangwani bisa tsarin da aka cire su. Suka fitar da akwatin baranda, kusa da na'ana'a. Rana ta karkata, dogayen benayen unguwar sun yi ja-ja, can ƙasa taram, jirgin cikin gari, yana wucewa kamar abin wasa. Nazir ya riƙe akwatin da gwiwoyinsa, Salmanu ya ɗora bakin na'urar huda a kan ƙusa ta farko. Kawunansu sun kusa haɗuwa. Ƙusa huɗu, kowace ta faɗi da 'yar ƙara. Kejin ya fito a hannu kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiza. Salmanu ya goge bakin ƙarfen da zarto, ya hure, ya shafa da yatsa, ya sa yaron ma ya shafa.

Da suka mayar da komai, kart ɗin bara ya shige ya zauna, har da saura faɗin yatsa guda a bayansa.

Nazir ya kunna. Fankoki uku suka tashi tare, iska mai ɗumi ta fito tana dukan ƙafafunsu. Ya yi dariya, ta gaskiya wannan karon, ya ce na bana da ba za a ji motsinsa ba, wannan kuwa ko ba a kunna masa abin ɗumama ɗaki a Villeurbanne ba, ba zai ji sanyi ba bana. Ya shiga wasan ya riƙa tura waɗansu ma'aunai zuwa ƙarshensu ɗaya bayan ɗaya. Ekaran ya yi baƙi, ya dawo.

Ga ciyawar, ga kogin, ga tafkin. Nazir ya matso da fuskarsa. Ya ce wata shida yana yawo a wannan kwari bai san akwai tudu a can ba.

Salmanu ya ce akwai itace a kansa.

Nazir ya waiwayo ya dube shi, sannan ya dubi ƙofar da tsagarta. Ya tashi daga kujerar ya juya ta wajen ubansa. Salmanu ya ce a'a, ya sake cewa a'a, sannan ya zauna a bakin-bakinta. Yaron ya ɗora masa yatsa a kan maɓalli guda, ya ce wannan ne gaba.

Mai jakar ya fara tafiya. Ciyawa tana buɗewa tana rufewa a bayansa, inuwar gajimare ta bi ta kansu ta wuce. Ba ɗingishi, ba abin da ke faɗowa daga ko'ina, itacen yana can yana girma kaɗan-kaɗan yadda itacen gaske yake yi wa matafiyi. Salmanu ya ji ɗumin na'urar a ƙafafunsa kamar ɗumin dutse da la'asar. Ya tuna mutumin mafarkinsa na cikin jirgi, da yadda ya bi shi bai kira shi ba. Ya ce a ransa, Baba ka yafe mini, ƙasar nan daban ce. Bai dubi yaron ba, don in ya dube shi ba zai iya ba. Itacen ya duba.

"Nazir."

A madafa ƙarar muciya ta tsaya.

Yaron ya amsa. Amsar da ya bayar ba ta Faransanci ba ce, wadda yake ji ƙanwarsa tana bayarwa ce sau ashirin a rana.

"Na'am, Baba."

"Ta ina ake juyawa? Mutumin nan zai faɗa ruwa."

Nazir ya sunkuyo ya kama hannunsa ya ɗora a kan linzamin ordinatar, suka juya shi tare. Yana nan sunkuye ya ce ranar talatin ga wata, ordinatar ɗin ba zai shiga taram ba, yanzu ya yi nauyi, sai dai a mota, kuma ɗakin hawa na huɗu ne ba asansar, sai matakala. Salmanu ya ce zai nemi hutun ranar. Nazir ya ɗaga murya ya tambayi uwarsa ko miyar kuka za ta yi Lahadin da ke bayan wannan, don in ta kuɓewa ce sai an sake magana. Fatsima ta amsa daga can cewa wanda ya ce kar a ajiye masa tuwo ba shi da bakin zaɓen miya.

Zaren yana nan a kan darduma. Nazir ya ɗauka ya naɗe shi a yatsa, ya sa a aljihun gaban jakarsa, inda makullin sabon ɗakin yake. A ekaran mai jakar ya tsaya a gindin tudun, iska tana kaɗa rigarsa, yana jiran a sake danna masa gaba.